Gishirin da Na Kwaso Daga Yuta

Ba zan taɓa mantawa da walimar ɗan Hajiya Bilki ba, ko da na so in manta, don matanmu na garin Lanham, nan Amurka, ba za su bar ni ba. Shekara nawa ke nan, amma har gobe idan aka zauna cin abinci a wani taro sai an sami mai ɗaga cokali ta ce, "Wannan dai gishirin kanti ne ko?" A kwashe da dariya. Ni ma in taya su, tunda ba yadda zan yi da raina.

Bari in faro daga tushe. Ni ba 'yar boko ba ce, aji huɗu na yi a firamare a Gusau aka cire ni. Maigidana, Malam, gadi yake yi a wani ƙaton sito a Laurel, ni kuma ina bin gidaje ina kula da tsofaffi. Hausawan da muke tare da su a nan kuwa daga likita sai injiniya sai 'yan gidan rediyo, matansu ma kowacce da takardunta. Abu ɗaya nake da shi da ba su da shi: hannun miya. Suna ne, biki ne, Sallah ce, magana ɗaya ce, "A kira Mai Tuwo." Da yawansu ba su ma san sunana na yanka ba, kuma ban taɓa damuwa ba. Da wannan tukunyar nake shiga gidajen da ba don ita ba ko ƙofarsu ba zan sani ba.

To wata rana ana suna a gidan Hajiya Bilki, matar Dakta, ina kicin ina tuƙi, su suna falo ana hirar tafiye-tafiye. Wannan ta je Dubai, waccan ta kai yara Florida. (Allah bai ba ni karatu ba, amma Ya ba ni kunne. Ko Turancin da nake aiki da shi da kunne na tsince shi, kuma bangon gidajen Amurka ba ya riƙe sirri.) Sai na ji wata ta ce, "Ita Mai Tuwo fa, ina ta taɓa zuwa?"

Hajiya Bilki ta ce, "Wa? Ai wannan ko a tashar Greenbelt kika sakar mata hannu sai an yi cigiya. Shekara goma sha biyu a Amurka, daga tukunya sai tukunya. Allah dai Ya bar mana ita a kicin, nan ne garinsu."

Aka yi dariya har da tafawa. Na tsaya da muciya a hannu. Da ƙarya ta yi mini da sauƙi, amma gaskiya ta faɗa. Ni mai son gida ce. In na dawo aiki na cire takalmi, ko biki ake a ƙofar gida sai dai in leƙa ta taga. Amma a ranar na ƙudurta a raina sai na je wani wuri ni kaɗai, wurin da ita kanta Hajiya Bilki ba ta taɓa takawa ba.

Wurin ma ina da shi a kai. Akwai wata tsohuwar Baturiya da na yi shekara biyu ina yi wa wanka ina ba ta magani, 'yar asalin jihar Yuta. A bangon ɗakinta akwai hoton wani tafki, bakinsa fari fat. Kullum sai ta nuna mini ta ce a garinsu gishiri a ƙasa yake kwance, ruwan kuma ko ka so ka nutse ba zai yarda ba. Ni da na san gishiri a mudu ake auna shi a kasuwa, abin ya daɗe yana yi mini yawo a kai.

Da na gaya wa Malam sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Kina da dangi ne a can?"

"Ba ni da kowa."

"To rasuwa aka yi, ko biki?"

"Gani kawai zan je yi, Malam."

"Gani," in ji shi. "Mutum ya yi awa huɗu a sama don ya ga gishiri? Buɗe kabad ɗin can ki gani, ki rufe."

Amma mutumin kirki ne. Da ya ga na yi kwana uku ba na hira (a gidanmu wannan babbar alama ce), shi da kansa ya sayo tikiti ya kama mini otal. Ya rubuta sunan otal ɗin da lambarsa a takarda da manyan baƙaƙe, kamar wadda ake liƙa wa buhu in za a aika shi a mota. Na roƙe shi kada ya gaya wa kowa. So nake ni da bakina in faɗa, a gaban wadda ta dace.

Ana saura 'yan makonni a kama azumi na tafi, lokacin tsananin zafi. Ban ɓata ba, wannan ina so a rubuta. Na sauka, na nuna takarda, na kwana. Washegari da hantsi na ɗauki tasi na ce a kai ni tafkin gishiri. Direban ya dube ni ta madubi, ya dubi atamfata sabuwa da mayafi da takalmin fita unguwa, ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Muka yi da shi zai jira ni awa ɗaya.

Tun kafin in ga ruwa wari ya tare ni, irin na ƙwan da ya dame. Na ce ƙila wani abu ne ya mutu a gefen hanya. Ashe tafkin ne da kansa. Na sauka na hango ruwan can nesa, tsakanina da shi fili ne shimfiɗe, fari-fari, ba bishiya ba inuwa. Na kama tafiya. Da na matso sai na ga bakin ruwan baƙi ƙirin kamar an zuba toka. Ina taka wajen sai tokar ta tashi sama. Ƙudaje ne, ƙanana, ba iyaka. Ba sa cizo, amma duk taku ɗaya sai su buɗe mini hanya su rufe a bayana. Tsohuwar nan shekara biyu tana ba ni labari, ko sau ɗaya ba ta ambaci ƙuda ba.

Na ce tunda na zo sai na taɓa ruwan. Na cire takalmi ɗaya na tsoma ƙafa. Na manta da fason da ke dunduniyata. Wayyo Allah! Kamar an zuba mini dakakken barkono a rauni. Ina ja da baya sai ɗaya ƙafar ta lume a taɓo, na zaro ƙafa, takalmi ya zauna. Yana can har yau in ba wani ya tsinta ba.

A nan ne na mayar da takalmin da na cire na tsaya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, na dubi gabas na dubi yamma. Wurin yana da kyau, ba zan hana shi ba. Duwatsu can nesa, ruwa kwance ko motsi ba ya yi, sama ta sauko ta zauna a cikinsa. Na buɗe baki zan ce "Kai, kun gani?" sai na tuna ba kowa. Ni da ko albasa nake yankawa sai da abokin hira. Ban san haka yawon buɗe ido yake ba, ka ga abu ka haɗiye shi kai kaɗai. Hawaye ya zo mini, na ɗora wa iska laifi. Wasu Turawa miji da mata suka ɗauke ni hoto da wayata. A hoton idona a rufe yake, bakina a murguɗe ina korar ƙuda. Ba hoton da za a nuna wa Hajiya Bilki ba ne.

To da me zan koma? Mu dai a wajenmu ba a dawowa daga tafiya hannu sake, sai da tsaraba. Na duba ƙasa, ga shi nan a kwance, ɓawo-ɓawo, fari, yana ƙyalli. Na durƙusa na ciro ledojin da ba na rabuwa da su a jaka, na sa murfin kwanon abincina na dinga kankara ina zubawa. Na lasa kaɗan. Gishiri ne, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe. Na ce ai na asali ke nan, wanda inji bai wanke masa albarka ba. Leda uku na cika. Direban tasi ya ga na dawo ina ɗingishi da kaya a ka, ya shimfiɗa jarida a inda zan sa ƙafa.

Da na dawo Laurel na shanya shi a faranti, na daka, na tankaɗe har sau biyu, ya fito gari mai kyau, fari da ɗan duhu. Na zuba a kwalba na tura can bayan kabad. Duk azumin nan ban taɓa shi ba. Malam ya ce in ɗan sa mana a miyar buɗa-baki mu ji, na ce wannan ba na gida ba ne, yana da ranarsa. (Da na saurare shi, da mutum biyu kawai za su san wannan labari.)

Ranar ta zo bayan Sallah. Babban ɗan Hajiya Bilki ya auri wata yarinya 'yar Nijar da ke karatu a nan, danginta suka taso tun daga gida, har da kakarta, wata 'yar tsohuwa da ake kira Inna Hajo. Hajiya ta kira ni ta ce, "Mai Tuwo, surukai ne fa, kuma mutanen gida ne, sun san tuwo. Ki fitar da ni kunya." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Asabar ce, walimar bayan azahar a wani zaure da aka kama a Lanham. Tun asuba na ɗora tukwane: tuwon shinkafa, miyar taushe, miyar kuka. Kuma ina azumin Sitta Shawwal, saura mini biyu, na ce ba zan karya jerin ba. Da lokacin gishiri ya yi na ciro kwalbata na buɗe da bisimilla. Na auna da tafin hannu yadda na saba, sannan na ƙara, don a ganina na ƙasa ba zai kai na kanti ƙarfi ba. Wani ɗan wari ya taso, na ce daddawa ce.

Ƙawata Balaraba, wadda ke taya ni kwashe tuwo, ta ce, "Kawo ludayin in ɗanɗana miki, tunda bakinki a ɗaure yake."

Na ce, "Balaraba, yaushe kika taɓa ganin an ɗanɗana mini miya? Hannun nan shekara talatin bai yi mini ƙarya ba."

"To Allah Ya ba da haƙuri, uwar miya."

Aka jera kuloli, aka zuzzuba, maza a ɓangarensu mata a namu. Hajiya Bilki ta sha leshi da gwal, ta kamo hannuna ta kai ni gaban surukai ta ce, "Ga Mai Tuwonmu. Duk faɗin Amurka ba mai hannunta." Nan ne ya kamata in ce na gode in koma bayan kula. Sai na gyara mayafi na ɗaga murya yadda har na ƙarshen zaure za su ji.

"Hajiya, kafin a sa hannu. Gishirin da ke cikin miyar nan ba na kanti ba ne. Ni na je har jihar Yuta, ni kaɗai, ba ɗan rakiya, na kwaso shi da hannuna a bakin tafki. Kuma ban ɓata ba, ba a yi cigiya ba."

Na ga maganar ta shige ta. Ta ɗan ƙifta ido ta ce, "Ikon Allah! Yuta?" Mata suka ɗauki "Ma sha Allah", wata har da guɗa. Wallahi daɗin da na ji a wannan minti ɗaya, ban taɓa jin irinsa ba tunda na zo ƙasar nan. Minti ɗaya ne kuwa cif.

Ni da kunne nake gane abinci ya yi. Akwai shirun da taro ke yi idan miya ta yi daɗi, za ka ji cokula suna ta kai da kawowa, ba mai magana. Shirun da ya biyo baya daban ne. Cokula suka yi ƙara sau ɗaya, suka tsaya. Wata ta yi tari. Na ji ana ta buɗe robobin ruwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar an ba da umarni. Wata daga dangin amarya ta kai tishu baki a hankali, wai tana goge janbaki. Daga nan sai na ga hannaye suna gutsurar tuwo daga gefen da miya ba ta taɓa ba.

Inna Hajo ce ta yafuto ni da yatsa. Na je na durƙusa.

"Ɗiyata," in ji ta, "wanga gishiri da kinka kwaso, wa ya dafa miki shi?"

"Dafawa kuma, Inna? Ai gishiri ne."

Ta girgiza kai. Ashe 'yar ƙasar Foga ce, inda ake yin gishiri, a cikin aikin ta tashi. Ba da faɗa ta yi maganar ba, da ma faɗan ta yi. A hankali ta yi mini bayani, kamar mai koya wa yarinya wanke-wanke, zaure kuma ya yi tsit kowa na ji.

"Abin da ke kwance bisa ƙasa ba gishiri ba ne tukuna, ƙasa ce mai gishiri. Mu can sai mun kankaro ta, mu zuba ruwa mu tace, mu ɗora bisa wuta wuni guda. Gishirin shi kwanta, ruwan ɗacin a tsiyaye shi a zubar. Ke kin haɗo da ɗacin da dauɗar duka kin ba mutane. Ko dabba ba a ba ta shi haka da yawa, zawo shi ka sa ta." Ta miƙo mini cokalinta. "Lasa."

"Ina azumi, Inna."

"Lasa ki tofar, azuminki na nan. Wa ya ce miki mai azumi ba ya ɗanɗana miya?"

Na lasa. Jama'a, na sha maɗaci ina yarinya, na sha maganin zazzaɓi, ban taɓa sa abu irin wannan a bakina ba. Ɗaci ne mai kama maƙogwaro, ga gishiri ya yi tsalle ya wuce misali, can ƙarshe kuma ga warin tafkin nan ya biyo ni har Lanham. Na rasa inda zan tofar, na tofa a bakin mayafina.

Hajiya Bilki ba ta yi mini faɗa a gaban mutane ba. Murmushi take ta yi tana ba surukai haƙuri, ta aika aka sayo fiza da soyayyar kaza. Mutanen da suka ƙetaro teku don ɗaurin auren 'yarsu, aka sallame su da fiza a kwali. Sai da ta same ni a bayan zaure ina juye miya a ledar shara sannan ta tsaya a kaina. Muryarta ƙasa-ƙasa.

"Sannu da zuwa Yuta," ta ce. "Da kin tambaye ni ai da na gaya miki ba a ci. Amma na manta, ke yanzu matafiya ce."

Na ci gaba da juye miyata. Me zan ce? Wai na ji abin da kika faɗa a falo? Sai ta ce to ƙarya ta yi?

A ɓangaren maza, daga baya na ji, uban amarya saboda kunyar surukai sai da ya cinye nasa tas. Malam kuma da ya ga ana ture faranti, sai ya ja nasa ya cinye ya ce a ƙaro masa, wai shi bai ji komai ba. Malmala biyu ya tashi da ita don ya rufa mini asiri. Ranar Lahadi bai je aiki ba, tsakanin gado da banɗaki ya wuni. Ko sau ɗaya bai ce "ai na gaya miki" ba. Abin da ya ce kawai, yana kwance yana riƙe da ciki, "Wannan tsaraba taki ta iso."

Daga ranar wayata ta yi shiru. Wani suna da aka yi wa wata 'yar uwar Hajiya Bilki a gidanta bayan wata biyu, wata 'yar Kumasi aka ba girkin. Ni kuma aka gayyace ni a matsayin baƙuwa. Karo na farko cikin shekara goma sha biyu na zauna a falon Hajiya Bilki, a kan kujera mai laushi, hannuna a cinya ban san abin da zan yi da su ba. Ina jin ƙarar muciyar wata a kicin, ina jin tuƙin bai yi ba, ba damar magana. Aka kawo mini miya tsararo na ci na ce ta yi daɗi. Ana cikin hirar tafiye-tafiye Hajiya ta juyo ta ce, "Mai Tuwo, bana kuma ina muka nufa?" Falon da na yi ta jin haushin ba a sa ni a cikinsa, ga ni a ciki, kuma ba abin da nake so irin a ce in tashi in duba tukunya.

An fi shekara kafin a sake kirana girki, shi ma ƙaramin suna ne, kuma sai da uwar jaririn ta turo ƙanwarta ta tsaya a kaina da gwangwanin gishirin kanti, sabo, ba a fasa ba. Manyan bukukuwa kam sun tafi, ba su dawo ba.

Amaryar nan, Allah Ya yi mata albarka, da ta je gida ta dawo ta kawo mini wani ɗan ƙunshi a naɗe da kaba. Ta ce, "Inna ta ce a ba ki, ta ce a gaya miki wannan an dafa shi." Yana nan a kabad kusa da kwalbar Yuta, wadda har yau da saura a ciki. Malam ya ce in zubar, na ce a'a, ita ce kaɗai shaidar na taɓa zuwa wani wuri.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba, amma da tsada na saye shi. Yanzu ko ruwan shayi na dafa sai na ɗanɗana, da azumi ko ba azumi, kuma duk wadda ta ce in kawo ludayi, miƙa mata nake da hannu biyu. In kuma ina kicin na ji an ambaci sunana a falo, famfo nake buɗewa har ƙarshe, in bar ruwa ya yi ta zuba sai sun canza hira.